Abu Raihan Al-Biruni: Malamin da ya koyi harshen Hindu don ya karanta littattafansu da kansa

Yau za mu yi nisan zango, domin mutumin da muka ɗauko ba Bahaushe ba ne, ba Balarabe ba ne, bai ma taɓa taka ƙasar Afirka ba. Sunansa Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Al-Biruni, kuma dalilinmu na ɗauko shi yana nan cikin kasuwa.

Duk wanda ya taɓa saye da sayarwa a Suk Libya da ke Umbadda, ko a babbar kasuwar Umdurman, ya san lambobin da ake rubuta farashi da su a can, waɗanda Larabawa ke kira arƙamul hindiyya, wato lambobin Indiya, saboda daga can aka samo su. Ya kuma san Bunyan, Indiyawan nan 'yan asalin Gujarat da kakanninsu suka shigo ta Sawakin tun ƙarni na 19, suka bazu zuwa Fot Sudan da Kasala da Gadarif da Wad Madani da Umdurman, suna cinikin yadi da turare. Bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023 gwamnatin Indiya ta kwashe mutanenta kusan 4,000 daga Sudan ta Fot Sudan zuwa Jidda, amma hulɗarmu da Indiyawa ba ta yanke ba, daga Kano da Legas har Dubai da Mumbai. To, da za a tsayar da ɗan kasuwa da ya shekara ashirin yana ciniki da su, a tambaye shi mene ne addininsu, yawanci amsar ba ta wuce cewa suna bauta wa saniya, sai ɗan abin da aka tsinta a finafinai. Al-Biruni ya tarar da Musulmin zamaninsa cikin irin wannan hali, ya ga abin bai yi masa ba, ya zauna ya koyi harshen mutanen yana da shekara arba'in da wani abu, ya rubuta littafin da har yau shi ne ƙofa mafi kusa ga mai karanta Larabci da ke son sanin abin da mabiya Hindu suke faɗa game da kansu.

An haife shi a shekarar 973, daidai da 362 bayan hijira, a wajen birnin Kat na ƙasar Khawarizm, a bakin kogin Jaihun, yankin da ke cikin Uzbekistan a yau. Kalmar birun a Farisanci tana nufin waje, shi ya sa ake ganin sunan nasa yana nufin ɗan bayan gari. Ya yi sa'ar malami, domin wani ɗan gidan sarautar ƙasar mai suna Abu Nasar Mansur ɗan Iraƙ, wanda gwani ne a lissafi da ilimin falaki, shi ya riƙe shi ya karantar da shi. Yana ɗan shekara 17 ya riga ya iya auna tsayin rana da tsakar rana don gane matsayin garinsu a doron ƙasa.

A 995 sarakunan Gurganj suka kifar da gidan sarautar da ke riƙe da shi, sai ya yi hijira. Ya zauna a Rayyu, kusa da Tehran ta yau, cikin talauci da raini. Duk da haka bai ajiye aiki ba. A watan Mayu na 997 suka shirya da Abul Wafa Al-Buzjani, shi yana Kat, Abul Wafa yana Bagadaza, kowa ya rubuta lokacin da ya ga husufin wata, suka gwada, suka fitar da tazarar da ke tsakanin biranen biyu ta gabas da yamma. A cikin waɗannan shekarun ne kuma ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina, wanda ya girme wa da kamar shekara bakwai, yana jefa masa tambayoyi masu tsauri kan ra'ayoyin Aristo. Wajen shekarar 1000, yana fadar Sarki Ƙabus a Jurjan, ya kammala Al-Asarul Baƙiya, littafi kan lissafin watanni da shekaru da bukukuwan Farisawa da Yahudawa da Kiristoci da Larabawa da wasunsu. Tun daga nan halinsa ya fito: idan zai yi magana kan wata al'umma, sai ya nemi littattafanta da masananta, ba ya dogara da ji-ta-ji-ta.

Ya koma gida wajen 1004, ya zama na hannun daman Sarki Abul Abbas Ma'amun a Gurganj. A 1017 sojoji suka yi tawaye suka kashe Ma'amun. Sarkin Gazna, Mahmud, wanda 'yar'uwarsa ke auren mamacin, ya sami hujja, ya zo ya ci ƙasar, ya kwashi malamanta zuwa Gazna da ke Afganistan ta yau, har da Al-Biruni da malaminsa. Ba za a ce bawa ne ba, amma ba shi da ikon tafiya inda ya so.

A nan ya kamata mu tsaya kan Mahmud, domin ba za a fahimci littafin ba sai an san wutar da aka dafa shi a kanta. Mahmud ya yi sarauta daga 998 zuwa 1030, kuma kusan kowace rani sai ya gangara Indiya da runduna. Ya ci Tanesar, ya ci Matura da Kanauj a 1018 zuwa 1019, ya rusa babban ɗakin bauta na Somnat a gaɓar tekun Gujarat a farkon 1026. Ganima ta zinariya da giwaye da bayi ta cika Gazna, kuma cikin waɗanda aka kwaso akwai masana. Ke nan ta hanyar yaƙi ne Al-Biruni ya sami shiga Indiya da haɗuwa da malamanta. Abin da ya sa muke ganin girmansa shi ne bai ɓoye wannan ba. Ya rubuta ƙarara cewa hare-haren Mahmud sun lalata arzikin ƙasar, sun watsa mutanenta, sun dasa musu ƙiyayyar Musulmi, har iliminsu ya gudu zuwa Kashmir da Banaras inda hannun Musulmi bai kai ba. Malamin fada ne yake faɗin haka game da sarkin da yake ci a ƙarƙashinsa, ko da yake bai fitar da littafin ba sai bayan rasuwar sarkin.

Shi kansa bai shiga can cikin Indiya ba. Garuruwan da ya ce ya taka suna yankin Fanjab da kewaye ne, kamar Fashawar da Jelum da Siyalkot da Multan, waɗanda ke cikin Pakistan a yau. A ganuwar Nandana ya hau wani tsauni, ya auna tsayinsa, ya auna yadda gefen sama ya sunkuya daga kansa, ya fitar da girman duniya. Waɗanda suka mayar da kamunsa zuwa awon zamani sukan sami kimanin kilomita 6,340 daga tsakiyar duniya zuwa doronta, alhali awon yau 6,371 ne.

Babban aikin dai shi ne koyon Sanskirit, harshen da littattafan Hindu suke ciki. Ya koka ƙwarai kan wahalarsa: abu ɗaya yana da sunaye barkatai, kalma ɗaya tana da ma'anoni da yawa, akwai sautukan da harafin Larabci ba ya iya kamawa, kusan duk ilimin an tsara shi cikin waƙa don a haddace, masu kwafe kuma ba su kula da gyara, ta yadda littafi kan lalace bayan kwafi ɗaya ko biyu. Ga kuma matsalar mutane. Barahimawa, wato ajin malamansu, suna ɗaukar baƙo a matsayin mai ƙazanta, wanda suke kira mileccha, ba sa ci ko sha ko zama tare da shi. Ya kashe kuɗi yana sayo littattafai daga nesa, yana neman wanda zai karantar da shi. Da farko ya zauna a gabansu a matsayin almajiri, da ya fara nuna musu hujjojin lissafi na Yunaniyawa sai suka riƙa tambayarsa wane malamin Hindu ne ya koya masa, wasu ma suka ce matsafi ne. Bai tsaya karɓa kawai ba, ya faɗa cewa yana fassara musu littafin Uƙlidis na lissafi da Almajisɗi na Baɗlimus zuwa harshensu.

A 1030 ya kammala littafin da aka fi sani da Kitabul Hind, cikakken sunansa Tahƙiƙu ma lil Hindi min maƙulatin maƙbulatin fil aƙli au marzula, wato tantance maganganun mutanen Indiya, waɗanda hankali ke karɓa da waɗanda yake turewa. Babi 80 ne. A gabatarwa ya bayyana cewa wani malami, Abu Sahal Al-Tiflisi, shi ya ƙarfafa masa gwiwa, bayan sun tattauna kan yadda marubuta ke jingina wa abokan saɓaninsu abin da ba su faɗa ba. Ya ce ƙarya a kan ɗan wata mazhaba ta Musulunci tana saurin tonuwa, amma ƙarya a kan baƙon addini sai ta daɗe tana yawo, wannan ya kwafa daga wancan, don babu mai bincikawa. Saboda haka ya yi alkawarin cewa littafinsa ba na jayayya ba ne, zai kawo maganarsu yadda take, ko da ta saɓa wa abin da shi ya yi imani da shi. Kuma Musulmi ne da bai yi kwana-kwana kan addininsa ba a ko'ina cikin littafin.

Fiye da rabin littafin ya tafi ne kan falaki da lissafin zamani da labarin ƙasa, wanda ɗan kasuwa zai iya tsallakewa. Shawararmu ga mai farawa ita ce ya riƙe babi goma sha biyu na farko, sannan ya tsallaka can ƙarshe inda aka yi maganar sadaka da abinci da aure da gado da azumi da bukukuwa.

A babi na biyu ya raba tsakanin aƙidar masanansu da ta gama-gari. Masanan, in ji shi, suna cewa Ubangiji ɗaya ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, babu abin da ya yi kama da shi, suna kiransa Ishwara. Gumaka kuwa ya ɗauke su a matsayin abin da talakawa ke riƙewa, domin mutumin da bai yi karatu ba zuciyarsa ta fi karkata ga abin da ido ke gani, har ya kawo misali da yadda jahili zai rungumi hoton Makka da Ka'aba ya sumbace shi kamar ya je can. Masana na yau suna ganin a nan ya ɗan ja maganar Hindu zuwa ga tauhidi fiye da yadda da yawa daga cikinsu za su yarda, domin akwai manyan malamansu da ke ganin bauta ta hanyar siffa ba aikin jahilai kaɗai ba ne. Mu ma haka muke gani. Amma ko ba komai ya rushe zancen cewa mutanen ba su san komai ba sai dutse da saniya.

Abin da ya ce shi ne tambarin addininsu shi ne tanasuhi, wato imanin cewa rai yana barin jiki ya shiga wani jiki, sau bayan sau, gwargwadon aikin da ya yi. Kamar yadda ake gane Musulmi da kalmar shahada, Kirista da aƙidar uku cikin ɗaya, Bayahude da ranar Asabar, haka ake gane ɗan Hindu da wannan. Burinsu na ƙarshe ba aljanna ba ce, domin a wurinsu ita ma zango ce da lada ke ƙarewa a dawo. Burin shi ne moksha, kuɓuta daga wannan kai-da-kawo gaba ɗaya. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa abokin cinikinsa Bunyan yake ƙin cin nama.

Littattafai uku ya fi dogara da su wajen bayanin aƙida, kuma su ne har gobe ake miƙa wa mai farawa. Na farko Gita, wadda cikakken sunanta Bhagavad Gita, baiti 700 cikin babi 18, wani yanki ne na doguwar waƙar nan Mahabharata mai baiti kusan 100,000. Labarin jarumi Arjuna ne, wanda ya tsaya tsakanin runduna biyu a filin Kurukshetra, ya hango kawunnansa da malamansa da 'ya'yan baffanninsa a ɗaya ɓangaren, jikinsa ya mutu, ya ajiye baka ya ce ba zai yi yaƙi ba. Mai jan keken dokinsa, Krishna, wanda Al-Biruni ke kira Basudewa, shi ya yi ta yi masa bayani cewa rai ba ya mutuwa da mutuwar jiki, kuma mutum ya yi aikin da ya hau kansa ba tare da ya rataya zuciyarsa ga ribar aikin ba. Mutanen Umbadda da suka ga yaƙin 'yan gida ɗaya tun 2023 ba su buƙatar a fassara musu damuwar Arjuna. Amsar da aka ba shi kuwa, cewa ya tashi ya yi yaƙin, su kansu mabiya Hindu sun daɗe suna saɓani a kanta, har Mahatma Gandhi ya ɗauki filin dagar a matsayin misali na yaƙi da son zuciya. Ana gama Gita cikin dare biyu ko uku, kuma tana nan da Larabci da Ingilishi, tun fassarar Charles Wilkins ta 1785. Sai dai mai karatu zai lura cewa abin da Al-Biruni ya ciro daga cikinta bai zo daidai kalma da kalma da wadda ke hannun mutane yau ba, domin yakan haɗa matani da sharhin malaman da suka karantar da shi.

Na biyu littafin Patanjali, wanda ya fassara sukutum zuwa Larabci da sunan Kitabu Batanjal. Gajerun jumloli ne kimanin 195 a babi huɗu, kan yadda ake kame zuciya daga yawo. Wannan ita ce yoga ta asali, ba lanƙwashe-lanƙwashen jiki da ake nunawa a talabijin ba, wanda ɗan ƙaramin yanki ne kawai na matakai takwas. Matakin farko shi ne barin cutarwa da ƙarya da sata da alfasha da tara abin duniya, sannan a bi ta tsarki da zama da sarrafa numfashi har a kai ga nutsewa cikin tunani. Al-Biruni ya mayar da shi tambaya da amsa don ya yi sauƙi, kuma a Kitabul Hind ya riƙa gwada maganganunsa da na sufaye irin su Abu Yazid Al-Bisɗami da Shibli. Bai ce abu ɗaya ba ne, ya nuna inda suka yi kama ne kawai.

Na uku shi ne Samkhya, wanda ya fassara da sunan Kitabu Sank, amma fassarar ta ɓata, sai guntayen da ya zuba cikin Kitabul Hind. Wannan makaranta ta ƙirga ginshiƙan halitta 25, ta raba rai da jiki rabuwa ta sosai. Misalin da aka kawo zai yi wa fatake daɗin ji. Ayari ne 'yan fashi suka far masa, kowa ya gudu, aka bar makaho da gurgu a daji. Gurgu yana ganin hanya ba ya iya tafiya, makaho yana da ƙafa ba ya gani, sai makaho ya goya gurgu, wannan na nuna hanya wancan na tafiya, har suka fita daga dajin, kowa ya kama gabansa. Rai shi ne gurgu mai gani, jiki shi ne makaho mai tafiya. Wanda ke son asalin maganar zai same ta a Samkhya Karika, ɗan littafi mai baiti saba'in da 'yan kai.

Mutane da yawa sukan ɗauka da Veda ya kamata a fara, tunda ita ce mafi tsarki a wurinsu. Al-Biruni ya yi bayaninta a babi na 12: kashi huɗu ce, Rig da Yajur da Sama da Atharva, Barahimawa suna haddace ta baki da baki, da yawansu ba tare da sanin ma'ana ba, kuma sun daɗe ba su yarda a rubuta ta ba, sai dab da zamaninsa wani mutumin Kashmir mai suna Wasukra ya rubuta ta don tsoron kada ta ɓace. Wanda ya san yadda gardi ke riƙe tilawa zai gane irin wannan hadda. Amma Rig kaɗai waƙoƙi 1,028 ne, yawancinsu na yanka da kiran abubuwan bauta cikin tsohon harshe, mai farawa da ita zai gaji tun bai kai ko'ina ba. A babin ne kuma ya jera Purana guda 18, littattafan labaran halitta da sarakuna da abubuwan bauta, ya kuma faɗi gaskiya cewa guntayen uku kawai ya gani da idonsa, Matsya da Aditya da Wayu.

A ƙarshen littafin akwai abubuwan da suka shafi kasuwa kai tsaye. Kan saniya, ya kawo dalilan da aka ba shi, sannan ya kawo nasa, cewa dabba ce da ke ɗaukar kaya, ta yi noma, ta ba da nono, don haka aka hana yanka ta saboda tattalin ƙasa, har ya tuna cewa Hajjaju ɗan Yusuf ya taɓa hana yanka shanu a Iraƙi da aka kai masa kukan gonaki na mutuwa. Dillalan kasuwar shanu ta Muwailih za su iya yi masa gardama, amma ba za su ce bai yi tunani ba. Kan riba, ya ce haramun ce a littattafansu, sai ga ajin Shudra kaɗai, shi ma kada ta wuce ɗaya cikin hamsin na uwar kuɗi. Ya ce sadaka wajibi ce a kansu kowace rana gwargwadon hali. Ya kuma siffanta bikin fitilu na Diwali, wanda ya rubuta Dibali, wanda har yau 'yan kasuwar Gujarat ke buɗe sabon littafin lissafi a lokacinsa.

Kada a ɗauka yabo kawai ya yi. Ya ce suna da girman kai, suna ganin babu ƙasa sai tasu, babu ilimi sai nasu, kuma da suna tafiye-tafiye da sun sauya ra'ayi. Ya ce iliminsu na falaki tsaba ce haɗe da tsakuwa. Ya zargi babban masaninsu Brahmagupta, na ƙarni na 7, da goyon bayan tatsuniyar cewa wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye rana da wata, alhali ya san lissafin husufi sarai, don kawai ya tsira daga fushin Barahimawa. Ya bayyana rabe-raben mutane zuwa Barahimawa da Kshatriya da Waishya da Shudra, da waɗanda ke ƙasa da su da ba a barinsu su zauna cikin gari, ya ce wannan shi ne babban shinge tsakaninsu da Musulunci, wanda ba ya fifita kowa sai da taƙawa. Ya kawo batun ƙona matar mamaci tare da gawar mijinta. Duk da haka yakan tunatar da mai karatu cewa Larabawan jahiliyya ma sun yi abubuwan da suka kai waɗannan muni. Mu ƙara da cewa an haramta ƙona zawarawa da doka a 1829, kuma tsarin mulkin Indiya na 1950 ya soke ƙyamar waɗanda ake kira marasa taɓuwa, ko da yake al'adar ba ta mutu ba. Littafin hoton ƙarni na 11 ne, kada a ɗauke shi a liƙa wa mutumin da ke bayan kanta a yau.

Akwai kuma babban giɓi. Al-Biruni bai kawo Upanishad ba, littattafan da falsafar Vedanta ta ginu a kansu, masu magana kan alaƙar ran mutum da asalin dukkan samuwa. Wannan ƙofa sai bayan shekara 600 wani Musulmi ya buɗe ta, Yarima Dara Shiko ɗan Sarki Shah Jahan, wanda ya tara malaman Banaras suka fassara kimanin 50 daga ciki zuwa Farisanci a 1657, shekara biyu kafin ƙaninsa Aurangzeb ya sa a kashe shi. Daga wannan fassara ce aka juya su zuwa Latin a 1801 da 1802, Turai ta san su. Wanda ya gama Gita, sai ya nemi Katha Upanishad, labarin yaron da ya je gidan Mutuwa yana tambayarta abin da ke bayan mutuwa. Gajere ne ƙwarai. Mai son labarai kuwa ya riga ya ɗanɗana hikimar Indiya bai sani ba, domin Kalila wa Dimna daga Panchatantra aka samo shi, kuma Al-Biruni ya yi burin sake fassara shi saboda bai amince da aikin Ibn Muƙaffa ba.

Bayan rasuwar Mahmud rayuwa ta yi masa sauƙi. Ya sadaukar da babban littafinsa na falaki, Al-Ƙanunul Mas'udi, ga Sarki Mas'ud ɗan Mahmud, kuma Yaƙut Al-Hamawi ya ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali ya ce ba ya buƙata. A zamanin Maudud ɗan Mas'ud ya rubuta Al-Jamahir kan duwatsu masu daraja da ƙarafa, inda ya yi amfani da wata 'yar butar ruwa da ya ƙera yana gwada nauyin zinariya da azurfa da yaƙutu da ruwan da suke turewa, hanyar da ake gane na gaske da jabu. Wajen 1036 ya jera littattafansa da kansa suka kai 113, daga baya suka ƙaru zuwa kusan 146, amma waɗanda suka iso gare mu ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Na ƙarshe shi ne Kitabus Saidana kan magunguna, wanda ya rubuta ya haura shekara 80 a lissafin hijira, ido da kunne sun yi rauni, yana jera sunan kowane tsiro a harsuna da dama.

An daɗe ana rubuta cewa ya rasu a 1048, amma abin da ke cikin Saidana ya nuna ya kai wajen 1050, a Gazna. Yaƙut ya kawo labarin wani malamin fiƙihu da ya je duba shi yana gargara, sai Al-Biruni ya tambaye shi wata mas'ala ta gadon kakanni mata da suka taɓa tattaunawa. Malamin ya yi mamakin tambaya a irin wannan hali, shi kuwa ya nuna masa gara ya bar duniya ya san ta da ya bar ta bai sani ba. Malamin ya warware masa, ya fita, bai yi nisa ba ya ji kuka ya tashi a gidan.

Kitabul Hind bai sami masu karatu da yawa ba bayansa, kuma babu wanda ya ɗora a kan aikin har tsawon ƙarnoni. Ya tsira ne ta wani kwafi da aka rubuta a 1159, wanda ke ɗakin karatu na ƙasa a birnin Faris. Daga shi Bajamushe Eduard Sachau ya buga Larabcin a Landan a 1887, ya fitar da fassarar Ingilishi a 1888. Da'iratul Ma'arifil Usmaniyya ta Haidarabad ta sake buga Larabcin a 1958, kuma daga wannan bugu ne maɗaba'un Beirut da Alƙahira suka yi ta yaɗa shi. Kitabu Batanjal kuwa sai a 1922 Louis Massignon ya gano shi a gefen shafukan wani kundin rubutun hannu a Istambul, Hellmut Ritter ya buga shi a 1956, sannan a 2020 Jami'ar New York ta fitar da shi Larabci da Ingilishi shafi na fuskantar shafi, a fassarar Mario Kozah.